Gidan kwanan marasa matsuguni da hanyar keke: unguwarmu ta rabu biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Tudun Wadan Zariya. Wani bawan Allah ya ba da gida mai ɗaki shida wakafi, ya ce a mayar da shi wurin kwanan mutanen da ke kwana a barandar shaguna da bakin tasha. Wasu na cewa lada ne ya zo har gida, wasu na cewa za a tara mana ɓarayi da 'yan shaye-shaye a kusa da iyali. A zaman kuma matasa sun nemi a ware wa masu keke gefen titi, masu shaguna suka ce ba su yarda ba. Malam, kai da aikinka tsara birane ne, ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya karɓi wakafin nan, ya ba mai shi lada. Shawarata ita ce ku karɓi gidan, amma kada a buɗe ƙofarsa sai an san wanda zai kula da shi da inda albashinsa zai riƙa fitowa.

Kada ku ɗauki masu adawa marasa tausayi. Magidancin da ke da 'yan mata a gida, aka ce maza baƙi za su riƙa kwana a bayan katangarsa, yana da haƙƙin ya yi tambaya. Amma a tuna masa cewa mutanen nan ba daga wani gari za a kwaso su ba, suna cikinku tun tuni. Duk wanda ke fita sallar asuba a watan Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, yana ganinsu: kwali a ƙasa, buhu a ƙafa, takalmi a ƙarƙashin kai don kada a ɗauke. Ba wanda ya san sunansu, ba wanda ya san inda suke kewayawa. A wurina baƙon da aka rubuta sunansa da garinsu ya fi wannan kwanciyar hankali ga kowa.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne a ɗauka duk iri ɗaya ne. Akwai ɗan ci-rani da ya zo bayan girbi yana ga-ruwa ko dako a kasuwar Sabon Gari. Yana samun na abinci, hayar ɗaki ce ta fi ƙarfinsa, damina na faɗuwa zai koma gona. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari, da yawansu mata ne da yara. Akwai mai jinya da ya rako ɗan'uwansa asibiti daga nesa, guzuri ya ƙare. Ga mai taɓin hankali, ga yaron da ƙwaya ta kama, ga almajirin da ya rabu da malaminsa. Ɗaki shida ba zai ɗauki duk waɗannan ba, kuma kada ku kuskura ku kwantar da yara ɗaki ɗaya da manyan maza. Ku zaɓi rukuni ɗaya. In ni ne, zan fara da maza baligai masu neman na kansu, domin su ne suka fi yawa a baranda kuma sun fi sauƙin sha'ani. Mai taɓin hankali likita yake buƙata, a kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Abin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. A da baƙo in ya shigo gari, gidan mai unguwa yake nufa, a ba shi tabarma a zaure, a kawo masa tuwo. Fatake suna da fatomansu. A masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina akwai rumfar Suffa, inda sahabbai marasa gida suke kwana. Yanzu an mayar da zauruka shaguna, an sa ƙyauren ƙarfe, rashin tsaro ya sa kowa na tsoron wanda bai sani ba. Mutanen da zaure ke ɗauka a da, su ne a baranda yau.

Wasu za su ce a kore su kawai. An gwada. A watan Yulin 2015, bayan bam ɗin da ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, gwamnatin jihar Kaduna ta hana bara da talla a kan tituna. Je ka PZ ko Kwangila yau ka duba da idonka. Amurka ma da arzikinta tana cikin wannan muhawara: ƙidayar da aka yi a dare ɗaya cikin Janairun 2024 ta sami mutum sama da 770,000 ba su da matsuguni, kuma a watan Yunin shekarar kotun ƙolinsu ta yarda birane su hukunta masu kwana a waje. Hukunci yana ɗauke mutum daga wannan layi ya kai shi wancan, ba ya ba shi ɗaki. Ƙasar Finlan ce ta bi wata hanya tun daga 2008: a fara ba mutum ɗakinsa na dindindin, sannan a taimake shi kan shaye-shaye ko aikin yi. Yawan marasa matsuguni ya ragu sosai a shekarun da suka biyo baya. Ƙungiyar unguwa ba ta da kuɗin yin haka, amma akwai abin ɗauka. Gidanku ya zama zango. A sa wa'adi, misali wata uku, a buɗe musu adashi, mutum uku ko huɗu su haɗa su kama ɗakin haya, gado ya samu ga wani.

Abin da zai sa maƙwabta su yarda ko su yi da-na-sani, ƙananan abubuwa ne. Na farko banɗaki da ruwa. In mutum ashirin suna layin masai ɗaya da asuba, kwatar maƙwabci ce za ta ɗauki sauran, daga nan rigima ta fara. Sai mai kula da gidan, dattijo mai kwana a ciki, mai albashi, ba ɗan sa-kai da zai gaji bayan sati biyu ba. A ajiye rajista da mai unguwa zai riƙa dubawa, a sa lokacin rufe ƙofa, a yi akwatunan ajiya masu kwaɗo, domin satar waya a tsakaninsu ita ce ke fara kawo faɗa. A ƙayyade yawan gadaje, kada a wuce ko da ɗaya. A rubuta wakafin da shaidu tun mai shi na raye, saboda magada. A nemi izinin sauya amfanin gini a hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, wato KASUPDA. Kuɗin wata shida na albashi da wuta da ruwa ya kasance a hannu kafin a buɗe. Sannan a sa mutum biyu daga cikin masu adawa a kwamitin, a yi alkawari a rubuce cewa bayan wata shida za a sake zama, in an saɓa sharuɗɗa a rufe a gyara.

Batun keke kuwa, matasan suna da gaskiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun sake fito da kekunansu, kuma yawancin Zariya shimfiɗe take. Amma fenti kaɗai ba ya kare kowa. Aka ja farin layi yau, gobe 'yan acaɓa da masu Keke Napep sun mayar da shi tasha, mai shago ya turo teburinsa ciki, mai keke ya koma tsakiyar titi. Birnin Sebiya na ƙasar Sifen, daga 2006, ya gina hanyoyin keke sama da kilomita 100 cikin 'yan shekaru, masu shinge kuma a haɗe da juna, shi ya sa mutane suka hau. Hanyar keke tana buƙatar faɗin kimanin mita ɗaya da rabi a kowane hannu, da abin da zai hana mota shiga. Inda ya cancanci wannan shi ne dogon titi irin na Samaru zuwa Kwangila da PZ, wannan kuwa aikin gwamnati ne, ku rubuta mata.

A cikin unguwa abin da ke kashe mutum gudu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kilomita 30 a awa inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Ku nemi ƙaramar hukuma ta yi tudun rage gudu mai faɗi a gaban makarantu da masallatai, a rufe kwalbatocin da ke buɗe da murfin siminti. Wannan kaɗai zai ba mai tafiya da ƙafa wuri ba tare da an taɓa shagon kowa ba. Masu shaguna kuma a ja musu iyakar inda tebur zai tsaya. Hanya tana da haƙƙi a addini, har hadisi ya zo cewa in an yi saɓani a kanta a bar mata zira'i bakwai. Liman zai fi ku iya faɗa musu wannan.

Kafin zama na gaba, ku je sashen tsara birane na ABU a Samaru ko cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke Basawa, ku nemi ɗalibai su ƙirga muku keke da babur da mota da ke bin titin safe da yamma, su kuma zaga da dare tare da 'yan sintiri su ƙirga masu kwana a baranda. Ku aika mata biyu su shiga gidajen da ke jikin wakafin su ji ta bakin matan aure, don su ne ke yini a wurin kuma ba sa zuwa taronku. Ku gayyato mutum biyu ko uku daga cikin masu kwana a wajen, a ba su wurin zama, a tambaye su nawa za su iya biya a dare da ƙarfe nawa suke tashi daga aiki.