Bijimin da Ya Warke Amma Bai Rabu da Cutar Ba

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana a shigar da bijimin nan cikin garken shanun madara, alhali ka ga yana cin dusa da kyau, gashinsa na sheƙi, ba tari ba majina. Tambayarka a kan hanya take, domin ni ma a farkon sana'ata da ido nake sayen bijimi, kamar yadda ake yi a kara. Abin da ya tsayar da ni shi ne sakamakon gwajin jininsa, wanda ya nuna ya taɓa kamuwa da cutar da likitocin dabbobi ke kira IBR, wato ciwon hanci da maƙogwaron shanu mai yaɗuwa, wadda ƙwayar bairas ta dangin hapis ke haddasawa.

Idan ta kama saniya, zafin jikinta kan kai digiri 41, cikin hanci ya yi ja wur, majina da hawaye su riƙa zuba, nono ya janye. Mai ciki takan yi ɓari, galibi bayan cikin ya wuce rabi, kuma akwai nau'in da ke fesar da ƙuraje a al'aura yana bin barbara. Babbar dabba takan miƙe cikin mako biyu idan ciwon huhu bai biyo baya ba, kuma a nan ne ake yaudarar mai saye, domin ƙwayar ba ta barin jiki, lafewa take yi a cikin jijiyoyin kai har ƙarshen ran dabbar. Ranar da wahala ta same ta, kamar naƙuda, ko doguwar tafiya a tirela irin ta Maigatari zuwa Legas, ko allurar deksametason, maganin rage kumburi, da wasu ke dirka wa shanu ba bisa ƙa'ida ba, sai ƙwayar ta farka ta fito ta hanci ko ta maniyyi, ta bi garken gaba ɗaya.

Saboda wannan ɓoyon ne cutar ta zama maganar ciniki. Ƙasashe irin su Suwizalan da Denmak da Ostiriya sun kawar da ita ta hanyar gwaji da fitar da duk dabbar da jininta ya nuna ta kamu, Jamus kuwa sai a 2017 ta kammala, kuma ba sa karɓar dabba mai ɗauke da ita komai kyan irinta. Mu da muke sayo maniyyin bijimai daga waje don inganta shanunmu, wajibi ne mu nemi takardar shaidar gwaji, tun da daskarewa ba ta kashe ƙwayar, adana ta take yi.

Allurar riga-kafi tana rage tsananin ciwo da yaɗuwarsa, amma ba ta wanke wadda ta riga ta kamu. Wadda na fi yarda da ita ita ce mai alama, wadda aka cire wa wani sashe na ƙwayar domin gwaji ya iya bambanta saniyar da aka yi wa allura da wadda ta kamu.

Daga yau, duk dabbar da ka sauko da ita daga mota ka killace ta kwana 30, da bokitinta daban, a sake gwada jininta kafin ta haɗu da sauran. Bijimin nan kuwa za mu turke shi can gefe mu yi kiwonsa, in ya yi ƙiba mu sayar wa mahauci, domin cutar ba ta kama mutum.