Allura ta soke ki wurin kwasar shara a asibiti, ga abin yi

Sannu 'yar'uwa, Allah shi sawwaƙe. Kin ce allura ta soke ki a yatsa sa'ad da kike ɗaure ledar shara a ɗakin marasa lafiya, kina tambaya ko ki bari ya wuce tunda jinin kaɗan ne. Don Allah kar ki bari.

Ki wanke wurin da ruwa da sabulu, ba a tsotsa ba a matsa, sannan ki gaya ma nas ɗin da ke kan aiki a rubuta, ki wuce wurin likita yau ɗin nan ko nan asibitin naku ko UDUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Akwai maganin kariya daga HIV da ake kira PEP, dole a fara shi cikin awa 72, in an samu cikin awannin farko ma ya fi, kuma kwana 28 ake shan shi ba fashi. Mutane HIV kawai suke tsoro amma wallahi ciwon hanta, hepatitis B, ya fi saurin kama mutum ta allura, shi kuwa yana da rigakafi allura 3, in ba a taɓa yi miki ba ki nema.

Abin da ke ƙona min rai, allura ba ta da hurumi cikin leda, akwatin kwali mai ruwan ɗorawa anka tanada don ita, kuma ba a cika shi har baki. Wanda ya jefa ta a leda shi ya yi laifi ba ke ba, don haka kar tsoron kora ya sa ki yi shiru. Ki nemi safar hannu mai kauri da takalmin roba, kuma ki daina danna shara da hannu ko rungumar leda a jiki.