'Yata tana koyon ka'idar Darwin a makaranta, in cire ta?

Wani ɗan'uwa ɗan Damagaram da ke zaune a birnin Greensboro na Amurka ya rubuto cewa 'yarsa mai shekara 15 ta dawo gida da littafin kimiyyar halittu, a ciki har da zanen ƙoƙunan kai an jera su, wai asalin mutum ke nan bisa ka'idar Darwin, mai cewa halittu sun samo asali ne daga wasu halittu sannu a hankali. Yana tambaya: ya kai ƙara, ya hana ta zuwa aji, ko ya mayar da ita gida wajen kakarta?

Malam, sannu da haƙuri. Amma batun ƙara, ajiye shi. Kiristocin Amurka sun riga ka shiga wannan kokawa, kuma sun fi ka kuɗi da lauyoyi. A 1925 jihar Tennessee ta haramta koyar da cewa mutum ya samo asali daga dabba, har aka gurfanar da wani malami, John Scopes, a garin Dayton, aka ci shi tarar dala 100. Dokar ta zauna har 1967. A 1968 Kotun Ƙoli ta soke irinta ta jihar Arkansas. Sai Louisiana ta sake dabara, ta ce in za a koyar da Darwin to a haɗa da bayanin halitta irin na addini. A 1987 kotun ta ce wannan ma a'a. A 2005 wani alƙalin tarayya ya yanke irin wannan hukunci kan makarantun Dover a Pennsylvania. Hujjar ɗaya ce kullum: tsarin mulkinsu ya hana gwamnati ɗora addini a makarantarta. Kada ka manta, wannan katangar ce ta hana a tilasta wa 'yarka addu'ar coci da safe.

Hana ta zuwa aji kuwa ya fi komai haɗari. Zuwa makaranta dole ne a shekarunta, fashi in ya yi yawa sai wasiƙa ta iso, daga nan maganar na iya kaiwa kotu. Kai da kanka ka rubuto cewa takardunka na zama a ƙasar ba su kammala ba. Mai neman takarda me ya kai shi gaban alƙali? In ka matsu, akwai makarantun Musulunci masu zaman kansu, akwai kuma karatun gida da doka ta yarda da shi in an yi rajista.

Ni dai da zan bar ta. Jarrabawa tana tambayar abin da masana suka ce ne, ba ta tambayar imani. Ka karɓi littafin ka karanta da kanka, domin ba "biri ya haifi mutum" ya ce ba, cewa ya yi kakansu ɗaya a can baya; in ka yi musu da abin da ba a faɗa ba, yarinya za ta gane. Ku zauna bayan Magariba, ka karanta mata ƙissar Annabi Adamu, abin da ya fi ƙarfinka ku kai wa malamin Islamiyyarta ranar Asabar.

Zancen kakarta, ku je hutu in takardu sun fito. Ka gaishe da maiɗakin.