Zanen ƙarfen tayar mota a kwamfuta: ta ina za a faro?

Ƙanena, ka ce kana son zana ƙarfen taya don aikin makaranta a Yamai, amma ba ka san mafari ba. Kafin ka buɗe FreeCAD (manhajar zane ce a kwamfuta, kyauta ce, ta ishe ka), je kasuwar Katako ka samo tsohon ƙarfe ka auna shi: faɗi, ramin tsakiya, tazarar ramukan noti. Na Hilux mai ramuka 6, faɗin da'irar da suke kai milimita 139.7 ne. Kuskuren milimita ɗaya a nan, ƙarfen ba zai zauna daidai ba.

Ado sai daga baya. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne mahaɗar sandunan ƙarfen da cibiyarsa ta tsakiya: kusurwa mai kaifi can tsagewa ke farawa, ka lanƙwasa ta.

Lissafin nauyin da ƙarfen zai iya ɗauka kuwa, kai wa malaminka ya duba. Kuma don Allah kada masu narka tukunya su zuba maka shi ka ɗaura wa mota.