Kada ka cinna wa karan shinkafar nan wuta

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kara da ɓuntu sun taru maka a fadamar Argungu, kana so ka ƙone su tunda gara ce za ta cinye. Ni dai ban ba ka shawarar ƙonawa ba. Garar ma da kake jin haushinta, kai take yi wa aiki.

Ganye ko kashin shanu ba ya zama taki da kansa. Gara da tana da buzuzu ne ke fara daddatsa shi su ja shi cikin ƙasa, sai funfuna da ƙananan halittun da ido ba ya gani su ƙarasa ruɓar da shi yadda saiwa za ta iya sha. Wuta toka kawai za ta bar maka. Tokar na da ɗan amfani, amma naitirojin, wanda saboda shi muke kashe kuɗi a kan buhun yuriya, yawancinsa hayaƙi yake bi.

Dubi manoman yankin Tawa a Nijar. Suna haƙa ƙananan ramuka a fako, su zuba taki, abin da suke kira tassa. Gara ta biyo takin, ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga, gero ya fito inda ko ciyawa ba ta fita. Da irin wannan dabarar ce wani manomi, Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, ya farfaɗo da ƙasar gonarsa har ya sami lambar yabo ta duniya a 2018.

Sai dai a kula. In ka binne busasshen kara ka yi shuka nan take, halittun nan za su fara janye naitirojin ɗin ƙasar domin su narkar da shi, sai ka ga shuka ta yi rawaya. Na sha ganin haka a gonakinmu na Bunza. Abin da nake yi shi ne in tara shi gefe a inuwa, shimfiɗar kara, shimfiɗar kashin dabbobi, in yayyafa ruwa ya jiƙa ba ya yi caɓa ba, in riƙa juyawa. In ka cusa hannu ka ji zafi, to aiki na tafiya. Wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, wari ya ɗauke.

Ɓuntu kam taurin kai gare shi, yana daɗewa, don haka kada ka cika shi da yawa. Leda kuma ka tsince ta tas kafin ka haɗa, babu mai cin ta a cikin ƙasa.