Amsa: Aksolotil da zomon dutsen Meziko, wanne ya fi kusa da ƙarewa?

Malam, ka tambaya tsakanin aksolotil da zomon nan na tsaunukan Meziko wanne ya fi shiga haɗari. A ganina aksolotil ne, nesa ba kusa ba.

Aksolotil nau'in salamanda ne. Ka gan shi ka ce ƙadangare, amma danginsu ɗaya da kwaɗo. Har ya girma ba ya barin ruwa, yana numfashi da wasu rassa masu kama da gashi a gefen kansa. In an yanke masa ƙafa, wata sabuwa ce ke tsirowa, shi ya sa masana suka matsa masa da bincike. Matsalarsa gida ne: magudanan Xochimilco da ke kudancin birnin Meziko kaɗai suka rage masa. Ruwan ya gurɓace, birni ya ci tafkin da ke wurin a da, ga karfasa da aka saka a ciki tana cinye ƙwansa da 'ya'yansa. Abin mamaki, yana nan birjik a gidajen masu kiwo, har hotonsa na kan takardar kuɗin ƙasar Meziko ta peso 50 da aka fitar a 2021, amma a muhallinsa sai an sha wuya a ga ɗaya.

Zomon kuwa, wanda mutanen can ke kira teporingo, ƙarami ne, kusan rabin kilo, gajerun kunnuwa. Yana zaune cikin dogayen ciyayi a gangaren tsaunuka masu aman wuta irin su Popocatépetl. Noma da kiwo da ƙona daji na rage masa wuri, sai dai shi har yanzu yana da tsaunuka da dama da zai fake.