Amsa ga mai son ɗora laftof a kan ƙaramar piyano

Salam ƙanena, tun jiya da daddare na ga tambayarka amma caji ya ƙare min. Ka ce ka sayi Yamaha P-45, ɗakinka ba wurin tebur, kana son ɗora laftof a kanta ka riƙa haɗa kiɗa a FL Studio. To irinta nake bugawa shekara biyar kenan a nan Gombe, kuma shawarata kar ka bari nauyin laftof ya hau jikin piyanon ko kaɗan, ƙafar da take kai ita za ta ɗauka.

Ka auna da kanka ka gani, daga gaba zuwa baya ba ta cika santimita 30 ba kuma maɓallai sun cinye rabi, abin da ya rage ɗan siririn wuri ne, ga botin ɗin kunnawa da na ƙara sauti a hagu. Laftof mai inci 15 kuwa ta kusa kilo 2. Wannan robar da ake saƙalawa a baya don takarda aka yi ta, ni ma na raina wa kaina hankali na jingina tawa a jiki har wata uku lafiya lau, sai ran wani biki a unguwar Pantami ana tsakiyar liƙi na danna bes da ƙarfi ƙafar ta ɗan girgiza, ga wani yaro ya taka wayar caji, ina ji ina gani ta tafi ta baya ta daki siminti. Wallahi duk abin da na samu a bikin nan a sikirin ya ƙare, har da ciko.

Abin da na yi daga baya, na ɗauki ƙafar nan mai kama da X na kai wa mai walda, ya yanko ƙarfe biyu ya lanƙwasa su ya ɗaure su da noti a bayan hannayen da piyanon take zama, ban yarda ya like su ba don in riƙa kwancewa in zan fita aiki a Keke. Sai na sayo guntun filawud a kasuwar katako, kafinta ya yanka min daidai laftof ɗin ya ƙara yatsa biyu kowane gefe, ya buga ɗan katako a gaba ya zama tokari, aka ɗora shi a kan ƙarafan nan biyu. Na yanko tsohon tub na babur na shimfiɗa, ko tura ta ka yi ba ta zamewa. Tsayin kuma kamar tafin hannu sama da piyanon, in ya wuce haka wuyanka zai gaya maka, in ya yi ƙasa hannunka ba zai shiga baya ba, kuma kar ka manta ramin hedifon da na USB duk a baya suke.

Inda mutane ke kuskure shi ne tura katakon can baya sosai. Piyanon kilo 11 da rabi ce kawai, ba ta da nauyin da za ta danne, kana buɗe murfin laftof komai zai rinjaya. Bari rabin katakon ya leƙo saman piyanon. In ƙafar piyanon taka mai sanda ɗaiɗai ce ma gara ka canja mai bibbiyu tukun.

Ka sa kafinta ya huda katakon wajen fankar laftof ɗin, zafin Maris da Afrilu na garin nan ba ya wa laftof da sauƙi, tawa har kashe kanta ta riƙa yi. Wayar da za ta haɗa piyanon da laftof kuma irin ta firinta ce, ka ɗaure ta a ƙafar da roba ka bar mata sassauci, kuma MIDI, wato saƙon maɓallan da ka danna, kawai take kaiwa, sauti ba ya bi ta nan, kar ka ce ta lalace.

In duk wannan ya maka tsawo, nemi doguwar kujera mara majingini ka ajiye a damanka, na yi wata biyu a haka kafin in haɗa kuɗin walda. Turo hoton ƙafar taka in gani ko za ta ɗauki noti.